Sai Torunn Ta Ce To

Mako uku Vernon Tackett ya ce zai yi a tsibirinmu. Wata mujalla ce daga Amurka ta aiko shi ya ɗauko mata hotunan masunta da kifin da muke shanyawa a kan katako. Yau shekara ashirin da tara ke nan. Mujallar ta mutu tuntuni, matar da ya aura a nan ta gaji ta koma Oslo, shi kuwa yana nan kamar an dasa shi, yana lallaɓawa da hoton fasfo da na 'yan makaranta.

Alkawari ne ya buɗe masa ƙofofinmu. Tun zuwansa ya miƙe a zauren coci, da gurgun Norwejiyancinsa, wato yarenmu, ya ce babu hoton da zai bar tsibirin sai mai shi ya ce to. Ya kuwa riƙe, a nan kam ba a raina masa ba.

Bana sai ga wasiƙa daga Chicago. Wani gidan baje kolin hotuna na son nuna aikinsa, da sunansa a bakin ƙofa, da tikitin jirgi, har da wurin zama. Mutum mai shekara sittin da bakwai ya san ba a yi masa irin wannan kira sau biyu. Gida yake so, so mai ciwo. Amma akwai sharaɗi: sai da hoton Torunn, wanda wani baƙo ya taɓa gani a ɗakin wankin hotunansa ya kai labari. Suna jiran amsa kafin ƙarshen wata.

Torunn Eide ce a hoton, tsaye a bakin ruwa ranar da aka daina neman jirgin mijinta Halvard, rungume da rigar sanyinsa. Vernon bai taɓa ɗaukar hoto kamar wannan ba, kuma ya sani. Sau bakwai yana roƙonta cikin shekarun nan, sau bakwai tana ɗauko masa zancen iska da ruwan sama. Ko yaron goye a nan ya san ba ma ce wa maƙwabci a'a a fuskarsa, zancen sama muke yi masa ya tashi da mutuncinsa. Shi kuwa ɗan Amurka, ƙofar da ba a buga masa a hanci ba, a wurinsa a buɗe take.

Ran Talata da hantsi ya saka asalin fim ɗin da ake wanko hoton daga jikinsa a ambulan ya hau tudu zuwa gidanta.

"Ba'amurke, cire takalmin nan, ba titin garinku ba ne."

"Shekara nawa za ki yi kina gaya min?"

"Har ranar da ka ji. Zauna, kofi ya kusa."

Ta ajiye masa waina da cuku. Bai taɓa ba. Ya tura mata ambulan ɗin, ya zayyana mata komai, har da abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, cewa yana tsoron a binne shi a nan.

"Iskar arewa ce yau," in ji Torunn.

"Torunn, don Allah. Yau dai bar iskar nan ta huta."

Ta dube shi kamar yadda ake duban wanda ya taka tabarma da laka. Sannan ta zaro fim ɗin ta ɗaga shi saitin taga, ta daɗe tana kallo.

"Me kake gani a nan?"

"Matar da ta rasa mijinta."

"Ashe kyamararka ta fi ka ido." Ta ajiye shi a hankali. "Shekara goma sha ɗaya Halvard yana dukana, Vernon. A inda riga ke rufewa, don ba wawa ba ne. Da suka ce sun daina nema, numfashin samun sauƙi na ja. Daidai lokacin ka danna abinka. Mutanen Chicago za su ga baƙin ciki, su ji daɗin tausayina. Amma hoto in ya fita yawo yake yi, wata rana sai ya dawo hannun 'ya'yana, su kuwa sun san fuskata. A wurinsu ubansu gwarzo ne."

Kunya ta kama shi, tare da wani haushi da bai san inda zai kai ba, don ko yanzu yana son hoton ya tafi.

Ta mayar da fim ɗin cikin ambulan, ta tura masa.

"Naka ne. Ban taɓa ce maka a'a ba, yau ma ba zan ce ba."

"Ba ki kuma ce to ba."

"Ban ce ba."

Ya tashi ya sa takalminsa a bakin ƙofa. Daga nan ana hango jirgin fito na rana yana barin gaɓa.

"Asabar ne auren jikata," in ji ta daga bayansa. "Ƙarfe biyu. Ta ce kai take so ka ɗauka, kar ka makara."

"Zan zo," in ji Vernon.