Iyakar Gonar Baba Uwaisu

Ranar da gireda, motar nan mai share ƙasa, ta shigo Zangon Marke, Baba Uwaisu ne a gabanta. Yana tafe da sandarsa ta gora yana nuna wa direba hanya, ita kuwa tana biye da shi tana gurnani, ƙatuwa, ruwan ɗorawa. Kaji suka watse, mata suka leƙo ta saman katanga.

"Ku matsa, ku matsa," yake cewa, ko da yake ba wanda ya tare hanyar. "Ni na kawo ta."

Kuma gaskiyarsa, shi ya kawo ta. Dattijo ne da bai taɓa zama a aji ba, allonsa ma bai wuce ƙananan surori ba, amma ba a taɓa yin zaman da ya rasa abin faɗa ba. Ya tsallake farin da ya ƙarar da shanun ƙasar nan. Sanƙarau ya kwantar da shi har an fara yi wa matarsa gaisuwa, ya tashi ya nemi fura. Motar gyaɗa ta kife da shi a hanyar Katsina, ya fito da ƙafarsa, shi ma ya ciro direban. Duk wanda ya zauna kusa da shi a ƙofar masallaci ya ji waɗannan, ya kuma sake ji.

Jamil ya san haka, shi ya sa ya fara da gidansa. Jamil ɗan garin ne, amma yanzu yaron Alhaji Abdulkabir ne, babban dillalin hatsi a Dawanau kuma jigon jam'iyya, wanda bara ya sayi gona guda a bayan gari. Mai neman shugabancin ƙasa zai ratsa ta wannan hanya, Alhaji kuma yana so ya tara masa jama'a. To, a Zangon Marke babu fili. Gona ce jingine da gona, ba abin da ya raba ta wani da ta wani sai layin gamba, ciyawar da kakanni suka dasa a kan kowace iyaka.

"Baba, ai kai ne garin," in ji Jamil, yana durƙushe. "Rani ne, ba shuka. In ka ce a share gonakin bakin hanya, wa zai ce a'a? Kuma Alhaji ya ce kujerarka tana kan dandamali. Hannu da hannu za ku gaisa da mai girma."

"Shi ne zai yi murnar gaisawa da ni," in ji Baba Uwaisu. "Na ga zaɓe tun uwarsa ba ta yaye shi ba."

Gida gida ya bi. Halilu, sa'ansa kuma maƙwabcin gonarsa ta gabas, ya yi ta tsokanarsa kafin ya yarda. Wadda ta yi turjiya ita ce Aina'u, matar marigayi Sabiru, mai 'yar siririyar gona tsakanin ta Baba Uwaisu da ta Alhaji. Tun bayan girbi take kwasar takin awakinta a kwando tana zubawa tsibi tsibi.

"Baba, gambar fa? Ita ce iyakarmu."

"Iyaka tana nan," ya ce, ya ɗora yatsa a goshinsa. "Ko an ɗaure min ido zan nuna wa kowa nasa. Ni na san inda kakan mijinki ya tsaya da garmarsa."

Bai jira amsarta ba, ya ɗauka ta yarda. Kafin azahar gireda ta lashe gamba, ta rushe kunyoyi, ta tura tsibin takin kowa zuwa bakin kwazazzabo. Wurin ya zama sumul kamar faifai.

Ranar taro Baba Uwaisu ya sha babbar rigarsa ta Sallah. Tun hantsi motocin haya suke sauke mutanen da ba wanda ya taɓa ganin fuskarsu, lasifika tana waƙa har ƙirji yana amsawa. Ya nufi dandamali yana gyara hula, sai wani ƙato mai baƙin tabarau ya sa masa hannu a ƙirji.

"Tsoho, koma baya."

"Kai yaro, ka san a gonar wa kake tsaye?"

Ƙaton bai ko kalle shi ba. Baba Uwaisu ya ɗaga murya ya kira Jamil, Jamil yana can yana gudu da kujerar roba a kai. Wata mata mai rigar jam'iyya ta danƙa masa taliya da sabulu mai hoton ɗan takara, ta tura shi cikin jama'a. Nan ya tsaya cikin rana kusa da Aina'u, har inuwa ta juya.

Gab da la'asar jiniya ta tashi. Motoci baƙaƙe masu duhun gilashi suka shigo a jere, sun fi jakunan garin yawa. Rufin ɗaya ya buɗe, mutum ya fito iya ƙugu, ya dunƙule hannu, ya faɗi wata magana da lasifika ta haɗiye. Ko injin ba su kashe ba. Jama'a suka bi su da ihu har bakin kwalta.

"Baba," in ji Aina'u a hankali, "tayar motar can guda ɗaya ta fi ɗakina da abin da ke cikinsa."

"Ya ɗago min hannu," in ji Baba Uwaisu. "Kin gani ai. Ni ya kalla."

Washegari ba abin da ya rage a filin sai ledojin ruwa da sawun taya. Ba a daɗe ba Jamil ya dawo da saƙo, ya faɗe shi a ƙofar masallaci idonsa a ƙasa. Alhaji ya ce tun da ƙasa ta cakuɗe, da an gama zaɓe zai turo a kafa turakun siminti a kewaye gonarsa. Wanda yake ganin tasa ta faɗa ciki, ya same shi a Dawanau a sasanta. Ba wanda bai gane ba. Birni yana ta matsowa, gonakin bakin hanya sun zama filayen gini, kuma ba a taɓa jin wanda ya je sasanci wurin Alhaji ya dawo da ƙasa ba.

Duk ido ya koma kan Baba Uwaisu.

"Ku biyo ni," ya ce.

Ya shiga filin da ƙarfinsa, ya tsaya a tsakiya, ya duba gabas ya duba yamma. Surin da yake kwatance da shi babu. 'Yar aduwar da ke kusurwa babu. Shekara da shekaru ƙafarsa ta san wurin nan, amma ashe gambar take bi. Ya dai ja layi da sanda.

"A'a, sarkin sani," in ji Halilu, "ka cinye min kunya biyu ina tsaye."

Ya goge da ƙafa, ya ja wani. Wani maƙwabci ya yi tsalle ya ce an shiga tasa. Murya ta fara tashi, har wasu 'yan'uwa biyu da suke ci a kwano ɗaya suka cakumi rigar juna. Da ya zo ɓangaren Aina'u ya ja nasa layin, ya ƙiyasta na Alhaji, abin da ya rage a tsakani bai fi shimfiɗar tabarma ba.

Ba ta yi ihu ba. Ta dubi layin, ta dube shi.

"Baba, a nan zan shuka abin da marayun Sabiru za su ci?"

Ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Mutanen Zangon Marke ba su taɓa ganin haka ba.

Ya daina fita. Ya ce wa matarsa Tahira tsohon ciwon ƙafarsa ne na haɗarin mota ya tashi. Ita kuwa ta san ƙafar da ciwonta, ta ajiye masa kunu ta zauna tana tsince wake.

"Ni abin da ya ba ni mamaki," ta ce, "ƙarfin ƙarfen nan. Shekarar da aka kawo ni, ba gindin gamba ɗaya ne ya karya maka fartanya ba? Ka wuni kana haƙa kana zagi, ka dawo ka ce saiwarta ta kai inda aljanu suke. Yau an share ta kamar shara."

"Ba fartanya ba ce, sungumi ne," ya ce. "Kuma ban yi zagi ba."

Ya kai ludayi baki, sai ya tsaya. Ya ajiye. Ya tashi ya ɗauki fartanya a bayan rumbu, ya fita ba ko ɗingishi.

A filin ya zaɓi inda yake zaton iyakarsa da Halilu take, ya sara. Ƙasa ce zalla. Ya matsa, ya sara, ya sake matsawa, gumi yana bin gemunsa. Can sai bakin fartanya ya maƙale. Ya durƙusa ya tona da yatsu, ga ta nan, dunƙulen saiwa a sarƙe kamar gashin da ba a taje ba. Gireda kai ta yanke, gindin yana ƙasa.

Ranar ya sake bin gari gida gida, wannan karon gayya yake kira.

"Gayyar me kuma?" in ji Halilu. "Wani shugaban za ka gaisa da shi?"

"Fito da fartanyarka, malalaci. Tunani na kwanta na yi, irin wanda ba ka iyawa."

Aka sa gayyar ranar zaɓe, tun da ba mai zuwa kasuwa. Da safe suka bi layi a makarantar firamare, kowa ya dangwala wa wanda ya ga dama, masu taliyar wannan da masu atamfar wancan. Daga nan suka zarce filin, tawada a babban yatsa, fartanya a kafaɗa. Maza suna sara, duk inda aka ci karo da saiwa a tone ta a bar ta a fili, mata su kafa karan dawa a gefenta. Da aka sami uku huɗu a jere sai aikin ya yi sauƙi, don gindi yana nuna inda ɗan'uwansa yake. 'Yan'uwan nan da suka yi cakumar riga suka tone tasu tare, suka tsaya suna kallonta ba mai kallon wani.

Kafin rana ta yi sanyi kararen suka fara tsayuwa layi layi, gonakin suna dawowa ɗaya bayan ɗaya. Layin da ke tsakanin Baba Uwaisu da Aina'u ya fito can cikin abin da ya ja wa kansa ranar nan, da tazarar da ba a iya ɓoyewa.

Halilu ya dogara da fartanya yana dariya har da tari. "Ko an ɗaure maka ido, ko?"

"Gwada ku nake," in ji Baba Uwaisu. "Ina so in ga mai tsoron Allah a cikinku. Aina'u, ga gonarki nan, kar ki ce ban ba ki ba."

"Na gode, Baba," ta ce, tana danne murmushi da bakin mayafi. "Saura ɓangaren Alhaji."

Wannan ɓangaren Baba Uwaisu da kansa ya tone shi, bai bar kowa ya karɓi fartanyar ba. Ya aika aka kira mai unguwa da liman, suka bi layin daga bakin hanya har ƙarshe, suna duba kowace saiwa.

Ana tsakiyar jiran sakamako, rediyo yana ta lissafin jihohi, a-kori-kura ta tsaya a bakin filin da turakun siminti da lebura biyu. Jamil ya sauko, idonsa ja, muryarsa a dishe saboda ihun kamfen. Ya tarar da rabin gari a tsaye, Aina'u kuma tana kwaso takinta daga bakin kwazazzabo da jakin Baba Uwaisu.

Ya dubi kararen, ya dubi saiwoyin. "Baba, Alhaji cewa ya yi daga bakin hanya har kwazazzabo."

"To kira shi. Ka ce ya zo ga gamba tana son magana da shi."

Jamil ya ciro waya ya kira, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Ya yi 'yar dariyar da ba ta daɗi ba.

"Tun daren zaɓe yana Abuja. Ni ma nemansa nake."

"Kai dai ɗan garin nan ne," in ji mai unguwa. "Gobe ma a nan za ka yi sallah."

Jamil ya dubi wayar a hannunsa. Sannan ya sa ta a aljihu, ya karɓi diga daga hannun lebura, ya je daidai saiwar farko ta ɓangaren Alhaji ya fara haƙa rami.

"In ya tambaya," ya ce, bai ɗago ba, "zan ce nan na tarar."

"Ka ce Uwaisu ne ya nuna maka. Ya san ni."

Aka saka turken farko, aka cika ramin, aka daddanna. Baba Uwaisu ya zagaya shi, ya rufe ido ɗaya ya hango layin kararen har ƙarshensa, ya dawo ya taɓa turken da sandarsa.

"Ya karkata wajen Aina'u," ya ce. "Ciro shi a sake."

Jamil ya tofa yawu a tafin hannu, ya sunkuya ya kama turken.