Sufeton Da Ya Tuɓe Takalmi

Kun san Nu'uman na Gwadangaji, mijin Mubina? Shi aka ba Sufeto a fim ɗin binciken da wani gidan talabijin ya shirya a Birnin Kebbi, labarin injin ban ruwa da aka sace a fadamar Gulma. Kakin ya karɓe shi kam, har da baƙin tabarau.

Ranar ɗaukar ƙarshe a Argungu, wanda zai fito a ɓarawo ya tafi yankan shinkafa, ya kashe waya. Darakta ya hango wani dattijo mai kwarjini cikin 'yan kallo, ya jawo shi. Nu'uman na ɗaga ido sai ga Malam Dikko, mahaifin matarsa.

To jama'a, wane ɗan mutunci zai nuna surukinsa da yatsa ya ce masa ɓarawo, duk jiha na kallo? Shekara shida yana lallaɓa darajarsa a gidan nan.

Aka kunna kyamara. Sufeto ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban ɓarawo.

"Baba, an wuni lahiya?"

"Kama shi mana!" in ji darakta.

Nu'uman ya dubi ƙasa. "Wanda ya ɗauki injin nan, Allah shi shirye shi." Ya mai da ankwa aljihu. Sau tara ana sakewa, har darakta ya haƙura, aka nuna shi haka.

Sai sharhi ya ɓarke. Wani malamin jami'a ya yi awa guda a rediyo yana cewa fim ɗin ya fallasa yadda hukuma ke durƙusa wa manyan ɓarayi, bai taɓa ganin zurfin tunani irin wannan ba. Wata jarida ta ce ba a taɓa yin Sufeto mai tarbiyya da rashin amfani kamarsa ba. Goggo Balaraba mai ƙosai ta ce ita dai a gaya mata inda injin yake.

Nu'uman ko a jikinsa. Ranar Juma'a ya nufi Argungu karɓar albarka.

Malam Dikko ya ɗaure fuska. "Kai, mi na yi maka? An ce in fashe da kuka in ce ni ne, har na tara hawaye. Sau guda zan hito talabijin, ka bar ni tsaye kamar turke!"

"Baba, kunya ce..."

"Kunya? Yanzu ko masallaci na tai, sai an tambaye ni injin. Da ka kama ni da an wuce wurin!"

Ya dubi autarsa da ta shigo da ƙwarya. "Adawiyya, mai da hurar nan ciki."