Igwa ta Goma Sha Biyu

Mijina mai gyaran agogo ne, amma a layinmu Kyaftin ake ce masa, saboda jirgin ruwan yaƙin da ya shekara biyu yana haɗawa a kan teburin falo. Tsawon jirgin bai wuce kamu ɗaya ba. Gangar jikin saye ya yi, sauran da hannu yake ƙerawa: tsani daga siririyar waya, tagogi daga kwalin magani, igwogi kuma daga tagulla da yake yankawa guntu-guntu ya goge bakinsu da ɗan magagari. Duk wadda ya gama sai ya liƙa ta a jere a kan salatif, don kar ta ɓata.

Ranar Asabar da hantsi na ji yana ƙirga igwogin, ya sake ƙirgawa.

"Sha ɗaya," ya ce. "Sha biyu na yanka."

Tsuntsuwa, 'yarmu mai shekara biyu, tana zaune ƙarƙashin teburin tana lasar leɓe. Na buɗe bakinta, babu komai. Na share falon sau biyu, na kakkaɓe kafet, na zazzage takalma. Daga nan na goya ta, na ɗauki katin asibiti.

Likitar dattijuwa ce mai tabarau. Ta ɗaga hoton cikin Tsuntsuwa da aka ɗauka wajen taga, ta nuna mana wani ɗan farin layi kamar ƙwayar shinkafa.

"Ga igwarku nan, ta shiga tumbi. Hoton bai nuna mini bakinta sosai ba. In tana da tsini, yanzu za mu sa yarinyar barci mu zura bututu mu ciro, kuma wannan ma ba wasa ba ne ga mai shekara biyu. In babu tsini, ku koma gida, za ta fita da kanta. Baban yarinya, kai ka ƙera?"

"Milimita tara ce," ya ce. "Baki biyun duk a goge suke. Ba na liƙa abu sai na goge shi."

"Ka tabbata?"

"Aikina ne, likita."

Ta juyo gare ni. "Maman yarinya fa?"

Na sha ganin sa ya ɓata awa guda a kan abin da ido ma bai cika gani ba, har abinci ya huce. Na ce mu tafi gida. Ta rubuta mini abin da zan kula da shi: amai, zazzaɓi, kumburin ciki, baƙin kashi.

Na sayi safar hannu da wata rariya ta daban. Duk sanda Tsuntsuwa ta ce "Mama, fo," sai in tsuguna a banɗaki da tsinke, in zuba ruwa, in tace. Ban ji ƙyama ba, ban ji tsoro ba. Ina dafa abinci, ina latsa cikinta, ina duba goshinta, kamar wata ce take yi ni kuma ina kallo. Ita kuwa wasanta take, har da hawa kujera.

"Uwargida, an samu labari daga filin daga?" ya tambaye ni rana ta biyu, daga bakin ƙofa.

"Matsa, kana tare min haske."

Bai ƙara taɓa jirgin ba. Ya lulluɓe shi da tsohon zanin gado ya ɗora saman kabad.

Rana ta uku da safe na ji tsinken ya taɓa wani abu mai tauri. Na wanke ta da sabulu, na ɗora a tafin hannu. Baki ɗaya a mulmule yake sumul. Na juya ɗayan, na danna da babban yatsa, sai ga ɗigon jini.

Na same shi yana ɗaura igiyar takalmi zai tafi shago. Na miƙa masa hannun. Ya daɗe yana kallo.

"Ina cikin goge ta aka kira ni a waya," ya ce. "Na ajiye ta a gefen tebur. Shi ya sa hannunta ya kai, sauran ai a liƙe suke."

"Yaushe ka tuna?"

Ya sunkuya ya ci gaba da ɗaura igiyar takalmin.

"Baban Tsuntsuwa, yaushe?"

"A mota. Muna dawowa daga asibiti."

Na jira in ji wani abu ya taso min, babu abin da ya taso. Na naɗe igwar a takarda na sa a jaka tare da katin asibitin, don likita ta gani da idonta, ta duba ko ta yanki wani wuri a hanya. Na sa wa Tsuntsuwa takalmi, ƙafar hagu tukuna, ita take fara miƙowa kullum.

"In zo?" ya ce.

"Ka tafi shagonka."

Na goya ta, na ja ƙofar.