Allura Ta Biyu

"Ku juya shi gefe, kar ya shaƙe!" in ji Sista Rashida, lokacin da maza biyu suka shigo ɗakin gaggawa da mutum ranga-ranga, ana gab da azahar. Sai da aka kwantar da shi Dakta Fadila ta gane fuskar. Malam Ja'afaru ne mai wake, wanda katanga ɗaya ta raba gidansu da nasa a Ƙofar Durbi, mutumin da ya fara kiranta likita tun tana sakandare. Yawu na dalala daga bakinsa, riga ta jiƙe sharkaf da zufa, warin fiya-fiya ya cika ɗakin.

Matarsa Mairama ta cafke hannun Fadila. "Ashe ke ce, ɗiyata! Maganin ƙwari ya fesa ma wake a sito, ƙofa rufe. Tunda ke ce, hankalina ya kwanta."

Watan Fadila uku da fara aiki. Ta sa aka tuɓe masa rigar, aka wanke jikinsa, ta yi masa allurar da ke karya wannan guba. Ƙirjinsa bai daina ƙara ba, kamar tukunya na tafasa. A littafi an ce a ninka allurar, a sake ninkawa, har ƙirji ya bushe. Amma ba ta taɓa ganin an yi ba, kuma yawan maganin ya ba ta tsoro. Ta kira babban likitan sashen, Dakta Mudassir, wanda ranar da su sababbin likitoci suka fara aiki ya ce musu wayarsa ba ta barci.

"Yallaɓai, gubar maganin ƙwari ce. Na yi ta farko, ina so in ninka."

Tana jiyo lasifika da hayaniyar ɗaurin aure a bayansa.

"Ki ninka? Kin taɓa yi? Kar ki ƙara komai, ga ni nan, minti goma."

Ta zuƙi maganin a sirinji ta tsaya riƙe da shi, ido a ƙofa. Minti goma suka zama arba'in. Sau huɗu tana kira, a na biyar aka ce wayar a kashe take.

"Likita," in ji Sista Rashida a hankali, "mutumin nan fa tafiya yake."

Sannan ta yi. Ta sake yi. Malam Ja'afaru ya buɗe ido sau ɗaya, ya dube ta kamar zai gaishe ta, bakinsa ya motsa ba murya. Kafin la'asar ya cika.

Dakta Mudassir ya iso cikin farar shadda, yana ƙamshin turare. Ya duba takardar jinyar, ya fita wurin Mairama da dangi a baranda. Fadila na bayan labule, tana jin komai.

"Sai haƙuri, Hajiya. Da an neme ni da wuri, da wata maganar ake. Awa guda, allura ɗaya! Yaran nan sababbi ne, ba su da zuciyar aiki."

Wayar Fadila na hannunta, kira shida a jere, kowanne da lokacinsa. Taku uku ne tsakaninta da su. Amma shi ne zai sa hannu a takardar kammala horonta. Ta mayar da wayar aljihu.

Washegari ta shiga gidan makoki, ta durƙusa gaban Mairama.

"Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba."

"Amin," in ji Mairama, idonta a kan carbi.

Fadila ta ja gefe ta zauna bakin tabarma, kusa da tarin takalma. Aka zagayo da ƙwaryar gumbar sadaka, hannu zuwa hannu. Da ta iso wurin matar da ke kusa da ita, matar ta ɗiba, ta miƙa ta bayan Fadila ga ta gaba.