Munafuki a Kan Ƙusa

Injin fasa kankare ya suɓuce daga hannun Dogo, ya faɗi ƙasa yana tsalle kamar yankakkiyar kaza. Bai ma ji lokacin da ya sake shi ba. Da Foman ya rugo ya kashe injin, sai ya ga yatsun Dogo huɗu sun yi fari fat.

"Kai, kashe mu za ka yi? Ina munafukinka?"

Munafuki shi ne sunan da leburori suka laƙaba wa ɗan agogon da kamfani ya ɗaura wa kowa a wuyan hannu. Yana auna girgizar da inji ke zuba wa mutum, in ta yi yawa ya kunna ja, ya kai tsegumi ofis. Wanda nasa ya yi ja, a ƙwace injin a miƙa masa baro, aikin sabbin shiga. Dogo kuwa shekara biyu ke nan da ya samo dabara: ya ɗaura shi rabin awa da safe don a ga motsi, sannan ya rataye shi a ƙusa bayan ɗakin siminti. Mutum bakwai suka koya a wurinsa, har da ƙaninsa. Foman na gani yana kau da kai, tunda aiki na gudu.

Foman da kansa ya ɗauko agogon ya ɗaura masa, ya rage murya. "Je ka asibitin kamfani. Ka dai san duk muna da iyali."

A ɗakin gwaji likita ta sa ya rufe ido, ta ɗauki allura.

"Ka ji?"

"Kin fara ne?"

Ta ajiye allurar. Sau shida ta tsikare shi.

"Tun yaushe?"

"Tun bara. Matata ke saka min maɓalli. Har tsiya take min, wai ta haifi na biyar ba naƙuda."

Likita ba ta yi dariya ba. Ta juyo masa da fuskar kwamfuta, bayanan agogonsa kore zalla daga sama har ƙasa.

"Malam, jijiyoyin nan sun fara mutuwa, kuma inji ne ya kashe su. Amma agogonka ya ce ko mai shara ya fi ka shan girgiza. Ka ɗaura shi ko ba ka ɗaura ba?"

Dogo ya dubi agogon da ke hannunsa.

"Bari in fito maka a mutum. In ka ce ka ɗaura, ciwon ba na aiki ba ne, kamfani ba ruwansa, gobe ka koma kan inji har hannun ya ƙarasa. In ka ce ba ka ɗaura ba, zan rubuta maka magani da hutu, amma za a binciki kowa a sashenku. Wasu za su tafi."

Dogo ya tuna ƙaninsa, wanda matarsa ke da tsohon ciki. Ya dubi hannayensa kamar na aro.

"Na ɗaura, likita. Kullum."

Ta daɗe tana kallonsa kafin ta turo takarda. Biro ya zame daga yatsunsa, ya sake ɗauka, ya sake zamewa. Ta jawo tawada, ta kama babban yatsansa ta dangwala, ta ɗora a kan layin.

"Danna sosai."

Ya ɗago kai ya dube ta. "Ya dannu?"