Ƙararrawar Tsoho Ueli a Wuyan Ragon Sabo

Ni dai ban roƙi Sabo ya so wasan nan ba. Shi ya nace sai ya biyo ni ya gani.

Wasan ɓoyon gwangwani ne, wurin wani fasinja na koya, ni da nake jan taksi a nan Makka, tsakanin unguwannin Shisha da Mansur. Mutum zai ɓoye gwangwani a wani lungu, ya sa lambobin taswirar wurin a intanet, masu nema su bi da waya har su gano shi. Dokar ɗaya ce: in ka ɗauki abu a ciki, ka ajiye wani. Nawa gwangwanin yana cikin tsagin dutse a bayan Shisha.

A ciki wani alhaji da ya zo daga Jamus ya bar wata 'yar ƙararrawar tagulla. Ta wani tsoho ce mai suna Ueli, a wani ƙauye can ƙuryar duwatsun Suwizalan inda Jamusanci suke yi. A wuyan akuyar matarsa take a da, matar kuwa ta rasu ba ta taɓa ganin teku ba. Shi ne ya saki ƙararrawar ta bi hannun 'yan wasa, yana roƙon a kai ta bakin ruwa a turo masa hoto. Na tura wa tsohon saƙo, waya ta fassara mana, na ce masa Jidda ga ta nan kusa, ran Juma'a zan kai ta. Ya ce kullum da safe zai duba shafin ƙararrawar a intanet.

Na je ɗauka, wayam. Ƙwallon dabino na tarar a gurbinta.

Sabo, mijin ƙanwata Ramlatu, shi kaɗai na taɓa nuna wa wurin. Na iske shi a Mansur yana ba ragon layyarsa dusa, ga ƙararrawar tana lilo a wuyan ragon.

"Haba Yaya Mukhtaru," in ji shi yana washe baki, "ba kai ka ce a ɗauka a ajiye ba? Ai na ajiye."

Wallahi sai da na ji kunnuwana sun yi zafi. Na lallaba, na yi faɗa, na haɗa shi da Ramlatu. Sai ya ce in bari bayan Sallah, wai ragon ya saba da ƙarar, in an cire ba ya cin abinci. Ji wani rainin wayo! Wata ya wuce, wani ya bi bayansa, tsoho yana tambaya cikin ladabi, ni ina ta kame-kame. Kunya ta ishe ni, na tsani Sabo har cikin raina.

Da Sallah ta matso, na jira ya tafi azahar, na cusa ragon a kujerar baya. Ya ɓata min mota ma ban damu ba. A kan turken na ajiye masa ƙwallon dabino har biyu, kada a ce ban yi adalci ba. Na kai ragon wurin wani makiyayi ɗan Yaman a wani ƙauye ta hanyar Ɗa'ifa, na kwance ƙararrawar. Sannan na tura wa Sabo lambobin wurin, na riƙe ta ƙarshe. Niyyata ya sha rana zuwa la'asar, in cika masa lambar. Na kama hanyar Jidda ina dariya ni kaɗai.

A bakin teku na ɗaga ƙararrawar, na ɗauki hoto, na tura. Ban ko tada mota ba amsa ta shigo, amma ba daga tsohon ba, daga 'yarsa. Ta gode. Ta ce babanta ya rasu makon jiya, sun tarar da kwamfutarsa a buɗe kan shafin ƙararrawar.

Ina tsaye riƙe da wayar Sabo ya kira, yana haki kamar wanda kare ya koro.

"Yaya Mukhtaru, halas, ya isa haka, na tuba! Wayar nan sai juya ni take cikin duwatsu, takalmina ya tsinke. Lamba ɗaya ta rage, don Allah ka faɗa min."

Na kalli ruwan, na kalli abin da ke hannuna.

"Ka nema," na ce. "Tsakanin sifili da tara take."

Na kashe wayar, na zauna a kan dakali har aka kira magariba.