Farar Motar da Na Zaɓa wa Rumasa'u

Ni na zaɓi motar. Gara in faɗi wannan tun farko, domin har yau akwai masu ɗora wa Mukhtaru laifi, alhali shi abin da ya sani game da mota bai wuce cewa tana da ƙafa huɗu ba. Mai tsire ne a unguwar Zahir, mijin ƙanwata Rumasa'u, mutum mai sanyin hali wanda ko kaza ta taka shi sai ya ba ta haƙuri. Ni kuwa sunana Rabe, makaniki ne, kuma a wancan lokacin ina ganin duk faɗin Makka babu kunnen da ya kai nawa sanin inji.

Rumasa'u ba ta shiga mota mai rufi, kuma ba iyayi ba ne. Muna yara muka taso daga Gumel da innarmu, muka yi shekara biyar muna tafe ta Cadi da Sudan. A Sawakin masu jirgin ruwa suka zuba mu a can ƙasan jirgi, suka rufe mu da katako kwana huɗu. A cikin duhun nan innarmu ta cika, Rumasa'u na kwance da kanta a kan cinyarta. Shekararta takwas. Ni na fito da ita a kafaɗa ranar da aka buɗe. Tun daga ranar, duk abin da ya matso kanta ya rufe ta ko'ina, sai numfashinta ya ɗauke. Harami ma da ƙafa take zuwa. A saman gidansu take yini, ƙarƙashin wata rumfar yadi da Mukhtaru ya kafa mata, gefe da gefe a buɗe.

A bazarar 1966 ciwon ƙirjinta ya tsananta. Tana numfashi ana jin ƙara daga tsakar gida. Likita ya gaya wa Mukhtaru ba ɓoye-ɓoye cewa in ta ƙara bazara ɗaya cikin zafin Makka, to ya shirya haƙuri. Ya ce a hau da ita Ɗa'ifa, inda masu hali ke gudun zafi kowace shekara. An riga an buɗe sabuwar hanyar da ke hawa dutse ta garin Hada, tafiyar da ba ta wuce awa biyu ba. Amma motocin haya duk masu rufi ne, bayan babbar mota kuwa ƙura kaɗai ta isa ta ƙarasa ta. Sai Mukhtaru ya zo garejina, ya tsaya yana murza hula a hannu.

"Yaya, makshufa nake so," in ji shi. Haka Larabawa ke kiran mota mai buɗaɗɗen sama. "Tsohuwa, daidai ƙarfina. In kai ta bana, in kai ta baɗi, duk bazara. Kai ka san mota, ni ban sani ba."

Wannan magana ta yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata.

Washegari muka tafi filin dillalan motoci a bayan unguwar Rusaifa, wurin Yunus. Haifaffen Makka ne, kakansa ne Bakano, Hausarsa rabi ce, sauran rabin Larabci da rantsuwa. Makshufa biyu gare shi, duka tsofaffin motocin Amurka masu dogon hanci, waɗanda suka haura shekara goma sha biyu. Ɗaya koriya, da rufin tamfol da ake naɗewa baya. Ɗaya fara, ko in ce ta taɓa zama fara, ita kuwa ko alamar rufi babu.

Ina da yadda nake gwada mota, kuma ina alfahari da shi. Nakan sa a tayar da ita, in ɗora finjalin shayi cike a kan bonet, in zuba masa ido. Daga nan in kafa bakin sukundireba a jikin inji, in ɗora kunnena a kan ƙotar. Da aka tayar da koriyar, shayin ya yi ta rawa har ya zuba, kuma can ciki na ji wani ɗan tari, kamar na tsoho mai shan taba, yana zuwa yana komawa. Da aka tayar da farar, shayin ko motsi bai yi ba. Na daɗe da kunnena a kan ƙotar nan, don daɗin sauraro kawai.

Da na ɗago, sai na ga Mukhtaru can wajen koriyar yana kokawa da tamfol. Ya ɗaga shi ya tsaya a sama, gilasan gefe duk a sauke, ya shiga ya zauna a kujerar baya yana kallon sama.

"Yaya, zo ka gani," ya ce. "Wannan ai kamar rumfarta ce. Inuwa a sama, iska ta ko'ina. Wannan za ta yarda da shi."

"Inji ke kai mutum Ɗa'ifa, ba tsumma ba," na ce. "Wannan mai tarin, a tsakiyar dutse za ta zubar da ku. In tsoka ce ka zaɓa, in mota ce ka bar mini."

Yunus ya ga inda iska ta kaɗa, ya matso yana shafa farar. "Wallahi, ya shaikh, wannan sayyara mabruka ce, mota mai albarka. Mai ita na da, alhazan ƙasarku yake ɗauka daga Arfa zuwa Muzdalifa. Malamansu suka ce mai harami ba ya tafiya ƙarƙashin rufi, halas, ya sa zarto ya yanke ƙarafan gaba ɗaya. Sau bakwai ta tsaya Arfa."

"Ka ji ko?" na ce wa Mukhtaru. "Ta fi ka aikin hajji."

Ya yi murmushi, amma idonsa na kan koriyar. Haka dai muka sayi farar. Ya tambaye ni ko za a iya yi wa farar ƙarafa a ɗaura mata ko da yadi ne. Na ce za a iya, aikin kwana biyu ne, in mun dawo zan yi. Ya sake tambaya ana gobe za mu tafi, ko da sanda huɗu ne da igiya. Na ce ba zan lalata mota da sanduna kamar rumfar mai kankana ba, kuma mutumin da zai tashi bayan sallar asuba ya isa kafin hantsi, me zai yi da inuwa? Ya haƙura. Ni ne babba, kuma ni na san mota.

Ranar da na kai motar ƙofar gidansu da yamma, Rumasa'u ta sauko da kanta, tana hutawa a kowace matakala. Ta zagaya motar tana taɓa ta da yatsa, ta leƙa ciki, ta ɗaga kai ta kalli sama.

"Yaya Rabe, ita ce? Ba abin da zai rufe ni?"

"Sai sararin Allah."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Rabon da in ji dariyarta na manta. Da ta lafa sai ta ce, "Amma kowa zai riƙa kallona ke nan." Na ce ta ja lulluɓinta, ai ba daɗewa za mu yi ba.

Mun tashi yadda na tsara. Ni ke tuƙi, su biyu a baya, ita cikin baƙin lulluɓi har fuska kamar yadda matan gari ke fita. Muka wuce filin Arfa ba kowa a cikinsa, iska na da ɗan sanyi-sanyi. Ina jin ta tana tambayar Mukhtaru sunan kowane dutse, shi kuma yana ƙirƙiro mata. Motar ta kama hawa ba ko gardama, tana shan kwana ɗaya bayan ɗaya. Na waiga na ce wa Mukhtaru, "Ka ji inji?" Ya ce ya ji.

Ba mu kai rabin dutsen ba muka tarar da layin motoci a tsaye. Wata babbar mota mai ɗauke da siminti ta kife a kan kwana, ta tare hanya daga bango zuwa bakin rami. Kafin in yi tunanin juyawa, motoci sun cika bayanmu. Aka ce an aika a kawo abin da zai ja ta, yanzun nan. Wannan yanzun nan ɗin ya kai awa takwas.

Da fari inuwar dutse na kanmu. Ina kallonta tana janyewa, ta bar bonet, ta bar ni, ta bar kujerar baya. Daga nan rana ta sauko mana. Ƙarfen ƙofa ya zama ba ya taɓuwa, kujerar fata ta yi zafi har ta cikin tufa. Mutanen sauran motocin suka koma ciki, suka sauke gilashi, suna fifita. Mu kuwa muka zaro zanen gado daga cikin kaya, ni na kama gefe ɗaya, Mukhtaru ya kama ɗaya, muka tsaya a kanta hannuwa a sama. Iska mai zafi ta riƙa fizgar zanen. In hannunka ya gaji ka ɗan sauke, zanen ya taɓa kanta, sai ta zabura.

Wata dattijuwa Balarabiya a motar gabanmu ta aiko mijinta ya ce a kawo Rumasa'u cikin matansu. Rumasa'u ta yarda ta gwada, Allah ya sani ta gwada. Mukhtaru ya riƙe ta har bakin ƙofa, ta sa ƙafa ɗaya, ta sunkuyar da kai ƙarƙashin rufin ƙarfen nan. Ta ja da baya tana cewa, "Inna, Inna." Muka mai da ita cikin farar.

Numfashinta ya fara ƙara. Maza sun fito suna kai da kawo a gefen motarmu, kowa ya wuce sai ya leƙo, domin babu abin da ya tare ido. Na ce ta ɗage lulluɓin fuskarta ta sha iska. Ta girgiza kai. Na sake faɗa, ta ƙi. Sai zuciya ta ɗebe ni, na daka mata tsawa, na ce kunya za ta kashe ta a banza.

"Yaya," ta ce a hankali, tana tsayawa tsakanin kalma da kalma, "kada ka yi mini tsawa a gaban mutane."

Wannan ita ce doguwar maganar ƙarshe da ta yi mini, kuma ita nake ji duk lokacin da na tuna da ita.

Ruwan shanmu ya ƙare wajen azahar. Ina da galan guda da na tanada saboda lagireto, ko motar za ta yi zafi a hawa. Ba ta buƙace shi ba. Shi Mukhtaru ya riƙa jiƙa gefen rawaninsa da shi yana sa mata ta ƙarƙashin lulluɓi, ni kuma na riƙe zanen ni kaɗai, gefe ɗaya a hannu, ɗaya a haƙori. Bai kalle ni ba ko sau ɗaya. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da aka buɗe hanya, motoci da yawa suka ƙi tashi, masu su na ta turi. Tawa bugu ɗaya ta kama. Na ji kunyar lafiyar injin nan.

Mun isa Hada bayan la'asar. Na tsaya a wani wuri ba kowa, gefen wata gonar inabi. Mukhtaru ya ɗage mata lulluɓin. Leɓɓanta sun farfashe, idonta a rufe, amma da iskar ta taɓa fuskarta sai ta ja ta a hankali, ta ce, "Da daɗi." A asibitin Ɗa'ifa aka kwantar da ita kusa da taga, saboda mun roƙa. Likita ya ce rana ta riga ta yi aikinta a kan ƙirjin da dama ba shi da ƙarfi. Ta kwana biyu, rana ta uku da hantsi ta cika.

A can muka binne ta. Mutanenmu na Ɗa'ifa suka taya mu, Allah ya saka musu. Bayan an watse, ni da Mukhtaru muka zauna a bakin hanya kusa da maƙabarta, a jikin farar motar. Garin da sanyi, irin sanyin da aka ce a kawo ta ta sha.

Kunnena ne ya fara ji, tun kafin ido ya gani. Wani inji na tahowa daga hanyar Hada, da ɗan tari can ciki, yana zuwa yana komawa. Ko cikin motoci dubu zan gane shi. Na yi addu'a a zuciyata Allah ya sa kuskure na yi, karo na farko a rayuwata da na roƙi haka. Sai ga koriyar ta ɓullo, ƙurar dutse a jikinta, tamfol a ɗage, gilasai a sauke. Wani mutum ne ke tuƙi, matarsa a baya cikin inuwa, ta sassauta lulluɓinta tana ɓare wa 'ya'yanta rumman.

Mukhtaru ya bi ta da ido har ta sha kwana. Na ɗauka bai gane ta ba, tunda shi bai san mota ba.

"Yaya," ya ce, ba tare da ya juyo ba. "Ashe ta iya hawa."